Jakar Juma'a

Juma'a ƙarfe huɗu nake rufe ɗakin sanyi,
in bar kifin Apapa kwance cikin ƙanƙararsa,
in cusa riga biyu da fasfo a jakar goyo.
Harisu na jira a tasha, yana ɓarar gyaɗa.
"Yau kuma ina?"
"Inda za mu kai kafin Litinin ta kamo mu."

Ni mutumin Tasawa ne, Ikko ta ɗauke ni aiki.
Gida kwana biyu ne a mota, in motar ta yi kirki,
hutun kuwa kwana biyu ne cif.
Wanda ya yi wannan lissafi bai san kewa ba.
In guga bai kai rijiyar gidanku ba,
sai ka sha a randar maƙwabta.

Badagiri. Shinge, shinge, wani shingen.
A Seme jami'i ya jujjuya fasfona
kamar mai duba waina ko ta nuna,
ya buga hatimi, ya daka mini tsawa da Faransanci.
Wata bakwai rabona da tsawa a wannan harshe,
har wani daɗi na ji.

A Kwatano na ba da naira, aka zuba mini sefa a tafi.
Kuɗin garinmu!
Na kai takardar jikka guda hanci,
Harisu ya ce sanyin kanfani ya taɓa mini kai.

Asabar muka hau kwalekwale zuwa Ganbiye,
garin da ya tsaya bisa ƙafafun itace a tsakiyar ruwa.
Wata yarinya da ba ta kai Zalikata ba
tana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da burodi.
Na kira Inna, na juya mata fuskar waya.
Ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Ikon Allah.
Mu sai mun tona gaba ashirin mu ga laima.
To su, in mutum ya cika, ina ake kai shi?"
Na tambayi mai jirgi.
Ya nuna wani tudu can nesa da haɓa, ya ci gaba da tuƙi.

Wani makon, Wida.
Harisu ya rataya mesa a wuya don hoto,
ni na tsaya nesa, ina riƙe masa hula.
Da yamma muka bi yashi har ƙofar bakin teku
inda aka fitar da mutane ba su dawo ba.
Ban ɗauki hoto ba.
Ni da ƙafata na zo, kuɗin komawa na aljihu,
kunya ta hana ni cewa na gane.

Lome sai da dare muka shige ta.
A zango wata tsohuwa mai koko da ƙosai
ta ji bakina, ta ajiye ludayi.
"Ɗan ina?"
Na faɗa mata.
Ta ce, "Kakana daga wajenku ya zo da kanwa,
wai mako ɗaya zai yi."
Ta yi dariya har ɗankwali ya zame.
Ta ƙara mini ƙosai biyu. Suka tsaya mini a wuya.

Lahadi da dare, cunkoso tun daga Agbara,
Harisu na barci, kansa a kafaɗata,
yashin ƙasa uku a cikin takalmina.
Waya ta yi motsi, muryar Zalika ce,
haƙoranta biyu sun zube tun tafiyata, sin ɗinta na fita da iska:
"Baba, na ga ruwan, na ga macijin.
Ƙasarmu ma akwai abin kallo.
Akuyar Inna ta haifi uku."

Na saurara sau huɗu kafin mu kai Apapa.
Da asuba kifi na nan yadda na bar shi, ido buɗe.
Jakar kuwa na rataye ta a ƙusa,
ban kwance ta ba.